Claude Lorrain: mai zanen da ya sayar da haske, ya ba da mutane gyara

A Turai ta ƙarni na 17, masu zane suna da daraja hawa-hawa, kuma kowa ya san matsayinsa. A can sama akwai masu zana labari, wato yaƙe-yaƙe, ƙissoshin annabawa da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Ƙasa da su sai masu zana fuskokin sarakuna da attajirai. Mai zana itatuwa da duwatsu da koguna kuwa can ƙasa ake ajiye shi, bai fi mai zana tukwane da 'ya'yan itatuwa da komai ba sai kaɗan. A 1667 wani masani Bafaranshe, André Félibien, ya rubuta wannan jerin a fili saboda makarantar zane ta sarki da ke Paris, amma tun kafin ya rubuta a haka ake tafiya. Hujjarsu ita ce ɗan Adam ya fi sauran halitta daraja, saboda haka wanda ya iya zana shi ya fi wanda ya tsaya a kan ciyawa.

A wannan zamanin ne aka yi wani mutum wanda bai iya zana mutane sosai ba, rubutunsa ma da ƙyar ake karantawa, amma Fafaroma da Sarkin Sifaniya da manyan gidajen sarautar birnin Rum suka riƙa jiran layi don ya zana musu itatuwa da ruwa da sararin sama. Sunansa na yanka Claude Gellée, duniya ta san shi da Claude Lorrain, Turawan Ingila kuma Claude kawai suke ce masa. Yadda ya ɗauki sana'ar da ake rainawa ya kai ta fadar sarakuna, ba tare da ya yi jayayya da masu jerin darajar ba, shi ne abin dubawa a tarihinsa.

An haife shi a ƙauyen Chamagne, a bakin kogin Moselle, cikin ƙasar Lorraine. Kabarinsa ya nuna 1600, masu bincike na baya-bayan nan kuma sun fi karkata ga 1604 ko 1605. Ana kiransa Bafaranshe, amma akwai gyara a maganar: a lokacin Lorraine ƙasa ce mai basarakenta, ba ta shiga ƙarƙashin Faransa dungurungum ba sai 1766, shekara tamanin da huɗu bayan rasuwarsa. Kusan duk abin da aka sani game da ƙuruciyarsa daga mutum biyu ya fito. Ɗaya Joachim von Sandrart, Bajamushe mai zane wanda ya yi abota da shi a Rum, ɗayan kuma Filippo Baldinucci, mutumin Florence da ya tattara bayani daga bakin Claude da danginsa bayan ya tsufa. Sandrart ya ce yaron bai taɓuka komai a makaranta ba, sai aka kai shi koyon gashin kayan fulawa, kuma a wannan sana'ar ya bi 'yan garinsu zuwa Rum. Baldinucci bai kawo zancen murhu ba. Shi ya ce iyayen sun rasu yana ɗan shekara goma sha biyu, ya koma wurin wansa mai sassaƙar katako a Freiburg, daga can wani ɗan'uwansu ɗan kasuwa ya tafi da shi Italiya. Mai yiwuwa dangin da suka yi arziki daga baya ba su so a tuna da zancen burodi.

Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne gidan Agostino Tassi. Wannan Tassi gwani ne wajen zana tashoshin jiragen ruwa da gine-gine a bangon fadoji, kuma mutumin banza ne: shi ne kotu ta kama a 1612 da laifin yi wa mai zane Artemisia Gentileschi fyaɗe. Claude ya shiga gidansa a matsayin bara, yana girki, yana niƙa launi, yana wanke buroshi, har a hankali aka fara ba shi aikin hannu. Ya kuma yi kamar shekara biyu a Naples wurin wani Bajamushe, Goffredo Wals, mai zana ƙananan hotunan karkara. A 1625 ya koma gida, ya yi aiki a Nancy ƙarƙashin Claude Deruet wajen ƙawata wata majami'a. Zaman bai yi tsawo ba. Zuwa 1627 ya dawo Rum, kuma bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba har ya mutu.

Ya bar gida a kan gaɓa. 'Yan shekaru bayan tafiyarsa Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza daga 1618 zuwa 1648, ya afka wa Lorraine. Sojojin Faransa suka kama Nancy a 1633, annoba da yunwa suka biyo baya, ƙauyuka suka zama kufai. Wani ɗan ƙasarsu, Jacques Callot, ya fitar da jerin zane-zane a wannan shekarar da ke nuna sojoji suna ƙona gidaje, da gawarwaki rataye a bishiya guda. Claude kuwa a duk aikinsa na shekara hamsin da wuya a ga gari mai cin wuta ko mayunwaci. Makiyayansa kullum suna hutawa a inuwa suna busa sarewa. Wannan ba rashin sani ba ne, zaɓi ne, kuma shi ne abin da masu kuɗi suke biya.

Abin mamakin shi ne ƙasar mafarkin nan daga kallo na tsanaki aka gina ta. Sandrart ya ba da labarin yadda Claude yake fita bayan gari tun kafin asuba, ya kwanta a fili yana kallon sama har dare, don ya gane yadda jan alfijir yake sauyawa da yadda hasken la'asar yake mutuwa. Yakan haɗa launukan tun a can, ya dawo gida ya shafa su a kan zanen da yake yi. Filin da ke kewaye da Rum, wanda ake kira Campagna, a lokacin wuri ne na makiyaya da kangon gine-ginen Rumawan dā da zazzaɓin cizon sauro da 'yan fashi. Ya bi shi lungu-lungu, ya bi gaɓar kogin Tiber, ya hau zuwa Tivoli inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. Zane-zanensa na takarda fiye da dubu sun tsira har yau, da yawansu da tawada ruwan ƙasa ya yi su, a gurguje, bishiya ɗaya ko tudu ɗaya, wani lokaci shafa uku ko huɗu na buroshi kawai. A ganina waɗannan takardun sun fi wasu manyan zanukansa rai, domin a cikinsu babu wanda yake ƙoƙarin burgewa.

Idan ya koma ɗaki sai ya zama magini. Tsarin da yake bi kusan ɗaya ne, wanda ya ga biyar zai gane na shida tun daga nesa. A gefe guda akwai babbar bishiya mai duhu ko dogon gini, a ɗaya gefen wata ƙarama da ta ɗan ja baya. Gaba-gaba ƙasa ce mai inuwa inda mutane suke. Daga nan sai ido ya sami abin bi: hanya, ko gada, ko kogi mai lanƙwasa, ya kai shi wani fili mai haske, daga can wani tudu, daga can wani da ya fi shi dusashewa, har a isa inda ba a rarrabe dutse da gajimare. Sirrin yana cikin wannan dusashewar. Duk wanda ya san hazon hunturu ya san yadda bishiyar da ke kusa take baƙa ƙirin, ta bayanta toka-toka, dutsen da ke nesa kuma kamar hayaƙi. Iska tana da kauri, tana cin launi gwargwadon nisa. Masu zane sun san haka tun zamanin Leonardo da Vinci, amma yawancinsu kashi uku suke yi: ruwan ƙasa a gaba, kore a tsakiya, shuɗi a baya, kuma ana ganin inda aka haɗa. Claude ya ɓatar da mahaɗin. Yana shafa fenti siriri bisa siriri, kowane ya bushe kafin na gaba, yana amfani da shuɗin da ake niƙawa daga dutsen lazward na Badakhshan a Afganistan, wanda ya fi kowane launi tsada a kasuwar Turai, har nisan ya riƙa ƙaruwa a hankali ba tare da tsalle ba.

Sai kuma abin da ya fi yi masa suna, wato sa rana a cikin zanen kanta. Kafinsa, yawanci haske daga gefe yake shigowa, daga wani wuri da mai kallo ba ya gani, aikinsa kawai ya haska mutane. Tun daga shekarun 1630 Claude ya riƙa dasa rana ƙasa-ƙasa, dab da inda sama ta haɗu da teku, tana fuskantar mai kallo ido da ido. Wannan ya juya komai. Inuwoyi suka riƙa tahowa wajen mai kallo, gefen jirage da igiyoyinsu suka narke cikin ƙyalli, kowane ƙaramin kaɗawar ruwa ya ɗauki ɗigon haske a kansa, mutanen da ke gaba kuma suka koma duhu-duhu. Aikin yana da wuya, domin fenti ba fitila ba ne. Farin da ya fi kowane fari a kan ƙyalle bai kai hasken taga ba. Dole sai an rage ƙarfin duk sauran launukan daidai gwargwado kafin ɗan farin da ke tsakiya ya yi kamar yana kashe ido.

To ina labari ya shigo? Nan ne wayonsa yake. Bai taɓa cewa zanen itatuwa ya kai zanen tarihi ba. Sai ya ɗauko labarin da manya suke girmamawa, ya ƙanƙantar da shi, ya ajiye a kusurwa, ya ba shi sunan zanen gaba ɗaya. Wanda ya saya zai iya gaya wa baƙinsa cewa yana da hoton tsintar Annabi Musa a kogi, alhali kashi tara cikin goma na abin da ke bangonsa sama ce da ruwa da bishiyoyi. Baldinucci ya ruwaito cewa shi da kansa yakan ce ƙasar yake sayarwa, mutanen da ke ciki gyara ce.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne zanen da ya yi a 1648 wa basaraken Bouillon, wanda ya yi wa Fafaroma jagorancin soja. Faɗinsa ya kusa mita biyu, kuma sunansa ya ce Sarauniyar Saba ce, wadda muka sani da Bilkisu, take shirin tafiya wurin Annabi Sulaiman. Mai kallo zai daɗe yana lalube kafin ya gan ta. Tana can gefen dama, 'yar mitsitsiya, da mayafi shuɗi da kambi, tana saukowa daga matakalar fada zuwa kwalekwale. Waɗanda suka fi kusa da ido 'yan dako ne masu loda akwatuna da wani yaro da ya kishingiɗa yana kare fuskarsa daga hasken safiya. A hagu akwai kangon gini mai dogon ginshiƙi, a tsakiya kuma, daidai inda duk layukan gine-ginen suke haɗuwa, rana ce. Littafin Kiristoci da aka ɗauko labarin daga ciki ya ce da ayarin raƙuma ta isa Ƙudus. Claude ya sa ta a jirgin ruwa, don yana buƙatar teku da zai zuba wa haske. Fadar ma irin ta Rum ce, ba ruwanta da Yaman. Da bai rubuta sunan sarauniyar a jikin matakalar ba, babu wanda zai san wace ce. Masu kula da zanen a National Gallery, gidan adana zanuka na Landan inda yake yanzu, sun gano sawun tafin hannunsa da yatsunsa a cikin fentin sama, inda ya riƙa murzawa don launi ya saje da launi.

Kada a ɗauka labarin ba shi da aiki ko kaɗan. Yakan zaɓi lokacin rana ya dace da abin da ke faruwa: safiya ga tafiya, yamma ga rabuwa ko isowa, kuma sau da yawa biyu-biyu yake yin su, ɗaya na teku ɗaya na tudu, ɗaya na hantsi ɗaya na maraice, don a rataye su kusa da juna. A 1668 ya yi irin wannan tagwayen a kan ƙissar Hajara da ɗanta Isma'il, suna Munich yanzu. A na farko da sassafe ake sallamar su, filin da za su shiga ya miƙe babu iyaka. Ba fuskar Hajara ce take gaya maka halin da take ciki ba, girman filin ne.

Kasuwa ta buɗe masa tun yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A 1633 ya shiga ƙungiyar masu zane ta Rum, Accademia di San Luca. Fafaroma Urban na Takwas ya sa ya yi masa aiki, Sarki Philip na Huɗu na Sifaniya ya yi odar manyan zanuka don sabuwar fadarsa ta Buen Retiro a Madrid, waɗanda suke gidan adana zanuka na Prado yanzu. Inda suna ya yi yawa kuwa jabu ba ya nisa. Matasan masu zane suka fara kwaikwayon salonsa suna sayarwa da sunansa, cikinsu har da Sébastien Bourdon, wanda daga baya ya zama babba a Paris. Wajen 1635 Claude ya buɗe wani kundi. Duk zanen da ya gama, kafin ya bar gidansa, sai ya kwafe shi a takarda da alƙalami da tawada, a baya ya rubuta wanda aka yi wa da garin da aka kai shi, cikin Faransanci da Italiyanci da suka cakuɗe da juna. Ya ci gaba da haka har ƙarshen ransa, shafuka 195. Wannan kundin ake kira Liber Veritatis, wato littafin gaskiya. Baldinucci ya ce saboda masu jabu ya fara shi, amma duk wanda ya duba shafukan baya-baya zai ga sun wuce rajista, an gama su da kulawa kamar aikin sayarwa. Yakan kuma koma ciki ya ɗauko tsohon tsari ya sabunta wa sabon mai saye. A wasiyyarsa ya bar wa Agnese, yarinyar da aka haifa a 1653 ta tashi a gidansa. Daga baya kundin ya faɗa hannun gidan sarautar Devonshire a Ingila, a 1957 kuma ya koma British Museum a madadin harajin gado. Saboda shi ne masu bincike suke iya bin aikin Claude shekara-shekara, abin da ba a samu ga yawancin tsaransa ba.

Rayuwarsa ta gida ba ta da labari mai yawa. Bai yi aure ba. Ya zauna a unguwar baƙin masu zane kusa da Piazza di Spagna, da farko a titin Margutta, daga 1650 kuma a titin da ake kira Babuino yanzu, tare da Agnese da 'ya'yan 'yan'uwansa da suka zo daga Lorraine. Maƙwabcinsa Nicolas Poussin, Bafaranshe mai zurfin karatu, shi ma yana zana karkara, amma nasa tunani ne aka jera da duwatsu, na Claude kuwa yanayi ne. Daga 1663 ciwon gaɓoɓi ya kama shi, aikin ya ragu zuwa biyu ko uku a shekara. Launin ya yi sanyi, zinariyar ta koma shuɗi da ruwan azurfa, mutanen suka yi tsawo fiye da ƙima da ƙananan kawuna. Zanensa na ƙarshe, na 1682, wa basarake Lorenzo Onofrio Colonna ya yi shi, yana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford. Labarin daga waƙar Virgil ne, mawaƙin Rumawan dā: saurayi Ascanius ya ɗana kibiya zai harbi wata barewa da ake kiwo a gida, harbin da ya jawo yaƙi. Claude ya tsaya a daidai lokacin da kibiyar ba ta bar baka ba, kogi tsakanin maharbi da dabba, bishiyoyi sun fara sunkuyawa da iska. Ya rasu ranar 23 ga Nuwamba 1682. Aka binne shi a majami'ar Trinità dei Monti, a 1840 kuma aka mayar da ƙasusuwansa majami'ar Faransawa ta San Luigi, a lokacin da Faransa ta ga ya dace ta ce nata ne.

Amma waɗanda suka gaje shi da gaske Turawan Ingila ne. A ƙarni na 18 'ya'yan masu ƙasa na Ingila sun mayar da zuwa Italiya al'ada, suna dawowa da zanukan Claude a akwati, har ta kai babu ƙasar da ta fi Birtaniya yawansu. A 1777 aka buga kwafin kundin nan nasa a Landan, aikin Richard Earlom, ya shiga gidajen da ba su da kuɗin sayen na asali. Daga nan abin ya fita daga bango ya sauka ƙasa. Henry Hoare, mai banki, ya datse kogi a gonarsa ta Stourhead ya yi tafki, ya gina ɗakunan bauta irin na Rumawa a bakinsa, ya dasa itatuwa ta yadda mai yawo zai riƙa cin karo da hoton Claude a kowace kwana. Matafiya kuma suka riƙa yawo da wani ɗan madubi mai duhu da ake kira da sunan Claude. Mutum zai je wuri mai kyau, ya juya masa baya, ya ɗaga madubin ya kalli wurin a ciki, domin a nan ne zai fito ƙarami, mai laushin launi, kamar zane.

Akwai wanda ya biya kuɗin wannan kyan. Zanen Claude ba shi da talaka mai wari, saboda haka lambun da aka kwaikwaya daga gare shi ma ba ya son ganinsa. A Nuneham Courtenay cikin shekarun 1760, da Milton Abbas bayan haka, masu ƙasa sun rushe ƙauyuka sukutum, suka mayar da mutanen wani wuri, don kada bukkokinsu su ɓata abin da ake hangowa daga taga. William Beckford, wanda ya sayi shahararrun zanuka biyu na Claude da suka fito daga gidan Altieri na Rum a 1799, dukiyarsa daga gonakin rake na Jamaika ta fito, inda bayi 'yan Afirka suke aiki. Ba za a ɗora wa Claude laifin abin da aka yi shekara ɗari bayan mutuwarsa ba, amma ba daidai ba ne a yi zancen natsuwar da ke cikin zanensa a manta da irin bangon da aka rataye shi.

Masu suka ma sun zo. John Ruskin, masanin zane ɗan Ingila, a tsakiyar ƙarni na 19, ya ce duwatsun Claude ba duwatsu ba ne, rassan bishiyoyinsa ba haka suke fita a daji ba, tsarinsa kuma maimaici ne. Yana da gaskiya a kan maimaicin. Wanda ya ga zanukan tashar jirgi goma a jere zai gaji da ginshiƙai. Sai dai shi kansa Ruskin ya yarda cewa Claude ne ya fara sa rana a sama yadda ya kamata, kuma mutumin da Ruskin yake ɗaukakawa a kan kowa, mai zane ɗan Ingila J. M. W. Turner, almajirin Claude ne da bai taɓa ganinsa ba. Turner ya ga zanen Sarauniyar Saba a gidan attajiri John Julius Angerstein, wanda gwamnati ta sayi zanukansa 38 a 1824 ta kafa National Gallery da su. A 1815 ya yi nasa martanin, hoton Sarauniya Dido tana gina birnin Carthage, da rana a tsakiya da gine-gine hagu da dama, ya ƙi sayar da shi duk kuɗin da aka taya. Da ya rasu a 1851, wasiyyarsa ta bar wa ƙasa wannan zanen da wani guda, bisa sharaɗin a rataye su tare da biyu na Claude, na Sarauniyar Saba da abokin tagwaicinsa na auren Ishaku da Rifkatu. Danginsa sun kai wasiyyar kotu, aka yi ta shari'a har 1856, aka rushe wasu sassanta, amma wannan sharaɗin ya tsaya, kuma gidan yana bin sa.